Sunan da Ladingo Ta Kai Dutsen Shuni

"Sai da na durƙusa fa, Sarkin Baka! Ni, Wazirin ƙasar nan, na zube gwiwa biyu a gaban turken jaki ina Allah ya ja zamaninka!"

"To, ranka ya daɗe, jakin ya amsa?"

"Ba jaki ne ya yi magana ba, 'yarka ce! Tana laɓe a bayan danga ta ɗauko muryar Sarki ɗungurungum, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya ce 'Waziri', ta ce in durƙusa in gyara rawanina, wai ya karkace."

"Ai kuwa, ranka ya daɗe, har yanzu a karkacen yake."

Wannan cacar baki an yi ta ne a wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun duwatsu ba su gama shawarar inda za su zauna ba, a fadar Sarki Tunau na Birnin Marmara. Birni ne da ke kwance a gindin Dutsen Shuni, wani tsauni mai launin zanen da aka tsamo daga marina, wanda ƙololuwarsa ba ta taɓa fitowa daga cikin gajimare ba. Sarki yana kan karaga yana jin su, amma bai yi murmushi ba, domin ya daɗe rabonsa da murmushi.

Abin da ya same shi kuwa shi ne, ɗansa na fari kuma tilo, Yarima, ya hau dutsen nan farautar awakin dutse, ya harbi wata akuya mai shayarwa. Ashe awakin suna da mai su, wata tsohuwar aljana da ake kira Uwar Garke, wadda duk abin da idon awakinta ya gani ita ma ta gani, duk abin da hancinsu ya shaƙa ita ma ta shaƙa. Sai ta riƙe Yarima a madadin akuyarta, ta mayar da shi bunsuru. A ranar, randar ruwan da ke ɗakin Sarki ta yi magana da wata murya mai sanyi, ta ce, "Ya kai Sarki, ɗanka yana cikin garkena yana cin ciyawa. Ba zai koma mutum ba sai an raɗa masa sunansa a kunne da muryar da ta fara raɗa masa shi ranar da ya zo duniya. Idan kuwa ruwan farko na damina ya taɓa gashinsa, ya zama nawa har abada."

Muryar da ta fara raɗa masa suna ta Sarki ce, Sarki kuwa tsufa ya kama masa gwiwa, ko matakalar bene sai an tallafe shi. Sai aka yi ta aika maharba su kamo bunsurun da igiya su sauko da shi. Kowanne ya tafi da layar zana mai ɓoye mutum daga ido, wani ma har da kan burtu ya ɗaura, ya manta burtu ba ya hawa dutse. Babu wanda ya dawo sai wani kurma. Shi ne ya nuna da hannu yadda ya ga abokan tafiyarsa sun tsaya cak, sun russuna kamar masu amsa gaisuwa, daga nan ba su sake miƙewa a kan ƙafa biyu ba. Ga shi kuma bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Sarki ya yi ɗan tari, ya ce, "Waziri."

Waziri Tanimu ya waiga bayansa tukuna, don ya tabbatar daga karaga muryar ta fito.

"A kawo mini yarinyar."

Aka kawo Ladingo, 'yar Sarkin Baka Korau, shugaban maharban ƙasar. Budurwa ce siririya mai ido kamar na wadda ke riƙe da dariya a baki. Tun tana ƙarama ba abin da zai yi sauti a gabanta ta kasa mayar masa da shi, daga kukan kurciya zuwa ƙarar ƙyauren kara. Ta durƙusa ta yi gaisuwa. Sarki ya umarce ta ta yi abin da ta yi a bayan danga. Ta dubi ubanta, ta dubi ƙasa, sannan ta yi ɗan tari ta ce, "Waziri." Gwiwar Waziri ta lanƙwashe da kanta, sai da ya dafa bango.

Sarki ya dube ta, ya ce, "Ya ke 'yar Sarkin Baka, laifin da aka kawo ki a kansa, a shari'ar kakannina, babba ne. Amma yau na ji muryata a jikin da ke iya hawa dutse. Ba zan tilasta miki ba, domin waɗanda suka fi ki ƙarfi sun tafi ba su dawo ba. Ina dai tambayarki: za ki kai wa yaron nan muryata?"

Ladingo ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, zan kai. Sai dai abu ɗaya. Na ji ka kana umarni, na ji ka kana faɗa, na ji ka kana kiran Waziri, amma ban taɓa jin ka faɗi sunan Yarima ba. Ni kuwa ba na iya kwaikwayon abin da kunnena bai ji ba."

Kowa ya san uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, saboda alkunya. Tun ranar da ya raɗa masa shi yana jinjiri, Sarki Tunau bai sake furta sunan nan ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ya ɗaga hannu, fadawa suka fita suna jan riguna. Da suka rage su biyu, ya yafito ta, ya sunkuya kusa da kunnenta. Sau da dama ya buɗe baki ya rufe. Da sunan ya fito, ba da muryar karaga ya fito ba. Murya ce ta wani saurayi da aka miƙa wa jariri yana tsoron kada ya karye masa a hannu.

Ladingo ta fita daga fada a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar madara cike taf.

A gida ubanta ya zaunar da ita. Shi da kansa da ya hau, amma wata tsohuwar faɗuwa ta bar shi da ɗingishi. Ya ce, "Cire awarwaron nan da 'yan kunne. Akuyar dutse ta saba da ƙarar faɗuwar tsakuwa, ba ta ko ɗaga kai, amma ƙarfe ya taɓa dutse, sai dai ki ga ƙura. Daga yau ba daddawa, ba albasa, ba turare." Ya shafe ta da kashin awaki da ganyen da ke fitowa a tsagar dutse, ya naɗe mata tafin ƙafa da tsohuwar fata, ya ba ta ƙullin toka.

"Baba, wari nake yi."

"Madalla. Saurara. Akuya ƙasa take kallo, domin daga ƙasa mai cin ta ke zuwa. Ki zagaya ki hau samansu, ki jira rana ta dumama dutse, lokacin iska takan hau sama ta tafi da warinki. Ki saki toka ki ga inda ta nufa. In ta gangara wajensu, ki kwanta ki jira, ko da za ki wuni. Kada ki tsaya inda sararin sama ke bayanki. Kada ki haɗa ido da su. Sun sunkuya, ki motsa. Sun ɗago, ki zama dutse, ko da ƙafarki ɗaya na sama."

"Gaisuwar fa, Baba? Ai abin da kurman nan ya nuna ke nan. Gaishe su aka yi, suka amsa."

"Shi ne. Uwar Garke ba ta ganin wanda awakinta ba su gani ba, shi ya sa take jefa gaisuwa cikin iska kamar mai jefa taru a ruwa. Wanda ya amsa ya shiga hannun wanda ya gaishe shi, dokar dutsen ke nan. Mu kuma ɗan mutunci a gaishe shi ya yi shiru? Bakinsa zai riga hankalinsa."

"To in toshe kunnena da auduga mana."

"Ki toshe, wa zai ji miki hucin tsohuwar akuyar da ke musu gadi? Kunne a buɗe, baki a rufe." Ya dube ta, ya girgiza kai. "Baki a rufe. Ke. Allah dai ya kyauta."

Da sassafe ta kama hanya. Tun tana jin zakarun birni har ta daina, tun tana taka ƙasa ja har ta koma shuɗiya. Ta bi ta bayan dutsen, ta wata tsaga mai sanyi inda ruwa ke ɗiga ba tare da ƙara ba. Can sama gajimare suka sauko suna yawo a tsakanin duwatsu kamar audugar da aka shiɓe, in ta ratsa ɗaya sai ta fito da raɓa a gashin ido da ɗanɗanon gishiri a leɓe. Akwai wasu furanni farare da ke juyowa su bi mai wucewa da kallo, ta yi musu kamar ba ta gan su ba. Wata mikiya ta tsaya a sararin sama ba ta kaɗa fiffike, har Ladingo ta fara tunanin ko rataye ta aka yi. Sunan kuwa yana ƙarƙashin harshenta, da ɗumi, kamar dabinon da ba ta so ya narke.

Da hantsi ta leƙa ta gefen wani dutse, ba ta kansa ba, sai ga su a ƙasa da ita. Awaki ne farare da masu ruwan toka, suna tsaye a jikin bangon dutse inda ko ƙadangare zai yi shawara, suna lasar gefen gajimare. A kan wani tsororo wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho tana kallon gangare. A gefen garke akwai wasu bunsuraye masu tafiyar tsoro, suna manne da bango suna rufe ido, ta san maharban ubanta ne. Sannan ta ga wani matashin bunsuru da ya je zai kwanta, ya tsaya, ya waiga dama da hagu yana jiran a shimfiɗa masa. Da ba wanda ya shimfiɗa, ya yi ajiyar zuciya ya kwanta a ƙasa. Wani ɗan akuya ƙanƙane ya zo ya lafe a jikinsa.

Ta gane Yarima ne. Dariya ta taso mata, ta danne ta da ƙyar.

Ta saki toka. Tokar ta gangara wajen garke. Ta kwanta, ta jira. Ta daɗe har wani gizo-gizo ya ɗaura saƙarsa daga gwiwar hannunta zuwa dutse, ya gama, ya kama ƙuda. Da rana ta take, ta sake sakin toka, sai ta tashi sama kamar hayaƙi. Ta nemi gafarar gizo-gizo a zuci, ta fara jan ciki.

In sun sunkuya, ta matsa. In tsohuwar akuya ta juyo, ta sandare. Sau ɗaya ta sandare da hannu a sama, har wani malam-buɗe-littafi ya sauka a yatsanta ya huta. Wata tsakuwa ta kuɓuce ta gangara, zuciyarta ta bi ta, amma ko kunne ba su kaɗa ba. A gabas hadari ya yi baƙi, yana tahowa a hankali kamar babban baƙon da ya san za a jira shi.

Sai iska ta yi magana.

"Sannu da hawa, baƙon dutse. Ya gajiya?"

Murya ce ta tsohuwa mai kirki, irin wadda ke ba yara ƙanzo. "Yauwa" ta zo har bakin haƙoran Ladingo kafin ta cije ta. Ta ci gaba da sanɗa.

"Ladingo, 'yar nan, sannu. Ni ne, na biyo ki."

Muryar ubanta ce. Amma Ladingo gwana ce a sana'ar nan, ta ce a ranta, haba Kaka, Baba ba ya jan "sannu" haka, kuma kin manta haƙorinsa na gaba da ya fita. Ta matsa har bayan wani dutse da ke saman inda matashin bunsurun yake kwance. Tana jin tuƙarsa, amma hannunta ba zai kai ba, balle raɗa. Tsakaninsu fili ne fetal, ba wurin ɓuya.

Iska ta sauya murya. Sannan ta ce, a hankali, "Ladi na. Sannu, uwata. Kin girma."

Uwar Ladingo ta rasu tun tana ƙarama. A duk muryoyin duniya, ita kaɗai ce Ladingo ta sha nema a maƙogwaronta ba ta samu ba, domin ta manta yadda take. Ga ta yau, da ɗan kakkaryewar nan a ƙarshen magana, da ƙamshin hayaƙin murhu a cikinta.

"Ba za ki amsa mini ba, Ladi?"

Hawaye ya wanke tokar fuskarta. Amsa ta cika mata ƙirji, ta hau wuya, ta san ba yadda za a yi ta riƙe ta. Uwa ba ta gaishe ka ka yi shiru. Sai ta buɗe baki ta sake ta, amma ta lanƙwasa ta a hanya, ta fito da siririn kukan ɗan akuyar da ya rasa uwarsa. Duk abin da take so ta gaya wa mahaifiyarta yana cikin kukan nan.

Garke ya ɗago kai gaba ɗaya. Tsohuwar akuya ta juyo, ta shaƙi iska, ba ta ji komai ba sai warin 'yan'uwanta. Iska ta yi tsaki da muryarta ta gaskiya, ta ce, "Af, ashe ɗan wata ne ya ɓata." Kawuna suka koma ƙasa.

Amma matashin bunsurun bai koma ba. Tun ranar da ya harbi mai shayarwa, kukan maraya ba ya barinsa ya kwanta. Ya miƙe, ya tako zuwa dutsen da kukan ya fito, ya zuro kai. Idonsa ya faɗa cikin nata, hancinsa ya buɗe, ƙafafunsa suka ɗame zai yi tsalle. A sama aka yi cida.

Ladingo ta kai bakinta kunnensa, ta saki abin da ta ɗauko, da muryar saurayin nan mai tsoron kada jariri ya karye masa.

"Ilyasu."

Gashin ya zame daga jikinsa kamar rigar da ta yi wa mutum yawa. Ƙahoni suka narke suka bi iska. Ɗigon ruwan farko ya sauko, ya faɗi a kafaɗar mutum.

Dutsen ya girgiza. Daga cikin gajimare Uwar Garke ta miƙe, doguwa kamar giginya, gashinta fari yana zuba har gangare, idanunta irin na akuya. Ta ja numfashi za ta yi magana. Amma ba a taɓa yin wanda ya riga Ladingo buɗe baki ba. Ta zube ƙasa da muryarta ta kanta, ta ce, "Ina wuni, Kaka? Sannu da kiwo. Ya garke?"

"Lafiya lau, 'yar nan, garke alham..."

Aljanar ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta makara. Shekara da shekaru tana maƙwabtaka da mutanen Marmara, ita ma bakinta ya riga hankalinta.

Ta zauna a kan dutse, ta ragu har ta koma tsawon tsohuwar gida, ta ce, "Dokata ta kama ni. Tun da nake a dutsen nan ni ke gaisuwa, ba wanda ya taɓa fara gaishe ni. Faɗi buƙatarki, ya ke marar kunyar yarinya mai ladabi."

Ladingo ta roƙi a saki maharba, aka sake su, suka miƙe suna tofar da ciyawa. Yarima, wanda aka rufa wa bargon wani maharbi, ya durƙusa ya nemi gafara, ya yi alkawarin ba za a sake ɗaga baka a kan mai shayarwa ba muddin zuriyarsa na mulki. Sannan Ladingo ta sunkuyar da kai ta ce, "Saura ɗaya, Kaka. Ki sake yi mini muryar nan ta mahaifiyata. A hankali. So nake in koya."

Uwar Garke ta yi mata, har sai da ta iya.

Suka sauko cikin ruwan sama mai laushi, birni ya fito tarye. Sarki Tunau ya ga ɗansa, ya kawar da kai ya ce, "Yaron nan ya rame." Ladingo ce kaɗai ta ji sunan da ke ƙarƙashin maganar. A daminar nan gero ya yi tsawon da mahayin raƙumi ke ɓacewa a cikinsa. Sarkin Baka kuwa, in ya zauna a zaure da yamma, wani lokaci yakan ji muryar marigayiya matarsa daga cikin gida tana ce masa tuwo ya sauka, sai ya daɗe bai tashi ba.

Da kaka ta yi, Yarima ya nemi auren Ladingo. Ta ce ta yarda, domin shi kaɗai ne namijin da ya fara ganinta shafe da kashin awaki bai yamutsa fuska ba. Aka yi biki irin wanda tsofaffi suka ce ba su ga kamarsa ba, har gajimaren Dutsen Shuni suka sauko suka yi wa taro inuwa.

A tsakiyar taron Sarki ya yi ɗan tari, kowa ya yi shiru. Ya dubi ango ya ce, "Ya kai wanda ya ɓata aka samo, yau ranar farin cikina ce. Ga dawakina, ga gonakina, ga taskar kakannina. Faɗi abin da ranka ke so a cikin mulkina, ya zama naka."

Yarima bai dubi dawaki ba, bai dubi taska ba. Tun ɗazu idonsa na kan Waziri Tanimu, muƙamuƙinsa na ɗan motsi gefe da gefe kamar bunsuru mai tuƙa. Ya haɗiye yawu, ya russuna cikin ladabi.

"Allah ya ja zamaninka, jelar rawanin Waziri, in dai ba ci zai yi ba, a ba ni."